Kekunan Malam Isiyaku

Zafin bana ya zo da wuri, kuma bai zo shi kaɗai ba. Da safe rana ta buɗe tana gasa mutum, kafin azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, yana ɗaukewa kuma kwalta ta shiga yin tururi. Rigar da ke jikinka ba ta bushewa, wadda ka shanya ma haka. Wanda bai zauna a Guangzhou ba zai ɗauka daga zafin Kano an rufe ƙofa. Na Kano ko ba komai yana barin gumi ya bushe.

A makon jiya ina tsaye a ƙarƙashin barandar tsofaffin gine-ginen unguwar Liwan, kusa da shagon da nake ɗaure wa mutane kaya, ina jira ruwa ya tsagaita. Sai ga ayarin masu yawon buɗe ido a kan kekuna, duka launi ɗaya, kowa da hular kwano da rigar leda. A gabansu wata yarinya ce 'yar China riƙe da ƙaramar tuta, katin izini na rataye a wuyanta. Da suka zo wurin da aka shata da fenti don tsayawa ta ɗaga hannu, suka tsaya a jere, ta yi musu bayani, suka ɗauki hoto suka wuce. Ko mutum ɗaya bai danna musu hon ba. Na bi su da kallo har suka sha kwana, raina kuma ya ɓaci alhali ba su yi mini komai ba. Malam Isiyaku na tuna, da azumin da ya faɗo mana a tsakiyar irin wannan zafin, shekara goma sha wani abu ke nan.

A lokacin ban daɗe da zuwa ba. Gyaran keke na tashi ina yi a Fagge, maigidana ya turo ni in sayo masa cen da birki da tayoyi, na aika masa da kayansa ni kuma na ga gari na zauna. Ɗaki ɗaya muka haɗa da Malam Isiyaku a unguwar Xiaobei, can sama a wani bene marar lif. Shi mutumin Zangon Kumasi ne, dogo, siriri, gemunsa ya fara furfura, ya girme ni nesa ba kusa ba. Da jarin takalma ya shigo ƙasar. Kwantenarsa ta sha ruwa a hanya, kayan suka isa gida duk sun yi fumfuna, jarin ya tafi gaba ɗaya. Yana da mata da 'ya'ya mata a can, ya ce ba zai koma ya zauna mace tana ciyar da shi ba. Hausarsa irin ta mutanen Gana ce, gida ya ce jida, kyau ya ce cau, kuma ya sha tsokana a wurina a kan haka.

Abin da ya tashe shi daga faɗuwar nan keke ne. Ya lura baƙin da ke sauka daga Kano da Maraɗi da Akra ba su san gabas ba, ba su san yamma ba. Tasi ba kowace ke tsaya wa baƙar fata ba, wadda ta tsaya kuma direban bai jin abin da kake faɗa, ga goslo a kan kowane babban titi. Sai ya riƙa sayen tsofaffin kekuna ɗaya bayan ɗaya, har suka cika ƙarƙashin matakalar benenmu. Da su yake zagayawa da baƙi kasuwanni. Ranar zuwa kasuwar Shahe sammako ake yi, don masu tufafi da wuri suke tashi. Ranar Zhanxi Lu takalma ne tun hantsi har la'asar. Liwan kuwa ana ware mata yini guda. Yana nuna musu inda za su ci halal, da kusurwar da za su yi salla ba a kore su ba, da lawban ɗin, wato mai shago, da zai ce maka meyo, wai babu, alhali kayan na jibge a bayansa, sai ka yi kamar za ka tafi. Kowane baƙo yana ba da ɗan abin da aka yanka. Da wannan yake ci, da shi yake aika wa iyalinsa, da shi kuma yake fita daga ƙasar ya sabunta takardar zamansa in ta kusa ƙarewa. Ban da kekunan nan ba shi da komai a China.

Ni aikina gyara ne da tsaron baya. Shi yana gaba, baƙi a tsakiya, ni ina ƙarshe da famfo da faci a kariyar kekena. Na ga abin dariya a wannan aikin. Alhazawa masu motoci a gida, waɗanda rabonsu da keke tun suna zuwa makarantar firamare, su ne za ka gani suna tangaɗi, tumbi a gaba, bakin riga ya shige cen, suna kiran sunan Allah a kowace kwana. Wani ya ce sirdin ya yi masa kaɗan, kamar ni na ce ya ci abin da ya ci. Amma kafin yamma sun ga abin da za su yi mako ba su gani ba, kuma sukan koma masauki suna sa mana albarka.

Duk baƙinmu daga hannun mutum ɗaya suke fitowa, Alhaji Bawa. Dattijo ne Bakano, ya riga kowa zuwa garin, shi ne babban mai masaukin 'yan kasuwarmu. Wanda ya sauka a filin jirgi gidansa yake nufa. Idan ya ce wa baƙo gobe ka bi Isiyaku, magana ta ƙare. Ba mugu ba ne, ya rufa wa mutane da yawa asiri, amma mutum ne mai son a ba shi girmansa cif.

Kowa ya sani a wurinmu ba ka wuce babba kana kan keke. Sauka za ka yi, ka gaishe shi, ka ɗan tura keken gaba sannan ka hau. Haka aka yi mana tarbiyya a Fagge, ashe a Zangon Kumasi ma haka ne, kuma Malam Isiyaku ya riƙe abin fiye da kowa. To, hanyarmu ta zuwa kasuwar takalma wani lungu ne ta bayan manyan shagunan, wanda faɗinsa bai fi a yi shimfiɗar tabarma biyu ba. A cikinsa masu baro suke bi, da masu keke mai ƙafa uku da kwalaye sun fi tsayinsu, da tsofaffi masu sayar da ganye, da yara 'yan makaranta da tsakar rana. Mutanenmu ma nan suke ratsawa. Duk dattijon da muka ci karo da shi sai Malam Isiyaku ya dira, baƙi su ma su dira, a shiga ina kwana, ina gajiya, yaya hanya, yaya aka baro mutanen gida, wane yana nan kuwa. Kafin a gama, lungu ya cushe daga wannan baki zuwa wancan. Da yake ni ne a baya ni nake shan zagin, Allah dai ya taimake ni ba na jin yaren.

Ana saura kwanaki a kama azumi abin ya zo da tsautsayi. Mun tsaya gaisuwa, wani mai ƙafa uku da ke biye da ni ya taka birki da ƙarfi, kwalayensa suka rikito a kan wata tsohuwa mai ganye, ta gurɗe a hannu. Malam Isiyaku da kansa ya kai ta asibiti. Kwana biyu bayan haka aka zo mana har ƙarƙashin matakala, wani jami'in hanya da wata mata 'yar kwamitin unguwa mai jan ƙyalle ɗaure a dantse. Jami'in yana ɗan jin Turanci. Ya ce mai zagayawa da mutane a keke don a biya shi sai yana da kamfani da izini, mu kuwa ba mu da ko ɗaya, kuma mai takardar ɗan kasuwa irin tamu ba a ba shi. Ya ce duk da haka zai kau da kai, bisa sharaɗi. Mu riƙa tafiya a layi ɗaya, mu riƙe dama, kada mu tsaya a cikin lungu ko na ƙiftawar ido sai mun fita fili. Ranar da aka sake ganin ayarinmu a tsaye, za a kwashe kekunan. Ba zan ce sun zalunce mu ba. Na ga hannun tsohuwar nan da idona, kuma da uwata ce da ban tsaya a magana ba.

Aka ga wata. Ban taɓa azumi irin wannan ba, ban kuma sake ba. Mu tashi sahur ɗakin kamar an rufe tukunya, fankar na juyawa amma iska mai zafi take watsowa. Mu ɗumama shinkafar jiya, mu zuba shito, wato yajin mutanen Gana da matarsa ta aiko masa a kwalba, mu kora da shayi, sannan mu yi ta ɗura ruwa har ciki ya riƙa ƙara in an motsa. Bayan asuba mu sauka, ni in bi tayoyi da famfo, shi ya bi birki yana gwadawa. Kafin baƙi su iso gumi ya riga ya kwashe rabin ruwan da muka sha. Da hantsi harshe ya zama kamar tsumma, warin soye-soyen masu abinci na bin mu lungu-lungu, mu kuwa muna taka feda. Amma akwai aiki, kuma da magariba akwai nama a tukunya, don haka babu mai ƙorafi.

A makon farko ne muka haɗu da Alhaji Bawa a tsakiyar lungun. Yana tahowa a ƙafa da lemarsa, wasu manyan baƙi biyu na gefensa. Matar nan mai jan ƙyalle tana zaune a kan 'yar kujerarta a ƙofar wani shago, tana fifita, idonta a kanmu. Daga baya nake hango komai. Na ga Malam Isiyaku ya rage gudu, na ga ƙafarsa ta bar feda ta nufi ƙasa, har silifas ɗinsa ya kusa taɓa kwalta, sai ya mayar da ita. Ya ɗaga hannu ya yi sallama da ƙarfi, ya ce, “Alhaji, a gafarce ni, yanzu-yanzu zan dawo.” Ya wuce. Baƙi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ne na ƙarshe, saboda haka ni na ga fuskar Alhaji. Ya riga ya miƙa hannu, hannun yana nan tsaye a iska, baƙinsa kuma suna kallonsa.

Muna fita fili Malam Isiyaku ya jingine kekensa ya koma da gudu. Bai same shi ba.

Alhaji bai aiko ba, bai yi faɗa ba. Baƙi ne kawai suka daina zuwa. Muka ji ya ɗauki hayar wata ƙaramar bas da direbanta. Muka kuma ji abin da ake faɗa a wurin masu shayi, wai ɗan Gana ya yi kuɗi, har ya fara wuce manya a kan keke yana ɗaga musu hannu kamar gwamna.

Daga nan azumin ya canja kama. Ba mu daina sauka da safe ba. Mu goge kekuna, mu ɗiga wa cen mai, mu buga iska, mu jera su a bakin ƙofa, mu zauna a kan matakala muna kallon hanya har azahar, sannan mu mayar da su ciki. Laimar garin nan ba ta raga wa ƙarfe, abin da ka goge yau gobe ka tarar ya yi ja. Nama ya fara ɓacewa daga tukunya, ƙwai ya biyo baya. Kwalbar shito muka yi ta kankara da cokali, daga baya muka zuba ruwan zafi a ciki muka girgiza muka juye a kan shinkafa. Buɗa-baki ya koma ruwan zafi da sukari da farin burodin nan nasu da ake dafawa da tururi, wanda ba gishiri ba sukari, kana ci kamar kana tauna auduga. A masallaci ana raba abinci, amma mutanen Alhaji ke cika wurin, shi kuwa ya ce ba zai je a riƙa nuna shi da baki ba. Ni da ba ni da wannan kunyar nakan je, in ci rabina, in ƙullo masa rabi a leda. Yakan karɓa ya ce an gode, bai taɓa tambayata daga ina ba.

Ana cikin haka guguwar teku ta sauka. Tun safe iska ke kaɗa allunan shaguna, da rana ta yi tsaka ruwa ya ɓalle, kwatoci suka cika suka amayo. Muka leƙa muka ga ƙarƙashin matakala ya zama tafki, ruwan ƙazanta ya kai gwiwa, kekuna na tsaye a ciki. Muka shiga muka riƙa saɓa su a kafaɗa muna hawa da su sama, mu ajiye a baranda mu dawo. Ga azumi, ga cikin da ba a cika shi da sahur ba. A wani hawan na ga duhu ya rufe mini ido, na zauna a kan matakala da keke a wuya. Shi bai zauna ba. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙara, yana wuce ni, yana dawowa, har ya kwashe na ƙarshe. Da ya gama ya kwanta a siminti, ƙafafunsa sun yi fari fat saboda jiƙa.

A ranar ne matarsa ta kira, dab da magariba. Ɗakin ƙarami ne, ba yadda zan yi in ƙi ji. Tana maganar kayan Sallar yara, tana cewa ƙaramar ta ce ita takalmin China take so tunda babanta a can yake. Ya tashi zaune ya gyara murya.

“Komai da cau,” ya ce mata. “Kasuwa da cau. Ki ce mata ta kwantar da hankali.”

Da ya ajiye wayar na kasa haƙuri. Na ce, “Malam, don Allah ka je ka ba Alhaji haƙuri. Takardarka bayan Salla za ta ƙare, da me za ka fita ka sabunta?”

“Na je, Habibu. Na je na ƙara zuwa. An ce yana hutawa.”

“To ka sayar da kekunan mana. Ko 'yan gwangwan a ba wa, a samu na shinkafa.”

Ya dubi barandar da kekunan ke ɗiga ruwa. Ya ce, “In na sayar, ni wane ne a garin nan? Kai yaro ne, kana da hannu, ko'ina ka je za ka ci. Ni su ne shagona, su ne gonata.” Ban sake tayar da maganar ba, amma na ji tsoro ƙwarai, don ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba.

Da aka shiga goman ƙarshe muka tafi tare bayan la'asar, muka zauna a ƙofar falon Alhaji har aka gaji da ganinmu aka ce mu shiga. Malam Isiyaku ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, mutum mai furfura a gemu. Ya kwashe labarin tsohuwar da jami'in da sharaɗin duka ya faɗa. Alhaji yana jan carbi yana saurare.

“Yanzu Isiyaku,” in ji shi, “dokar 'yan China ce ta hana ka sauke ƙafa ɗaya a ƙasa? A gaban baƙina?”

“Na yi kuskure, Alhaji. A yi mini aikin gafara.”

“Ba komai, ya wuce. Wata ne na yafiya.” Ya juya ya tambayi wani na kusa da shi ko bas ɗin ta cika gobe. Aka ce ta cika, akwai ma wasu mutanen Maraɗi da ba su samu wuri ba. Ya ce, “To, a ba Isiyaku su.”

Mun fito yana ta hamdala kamar an ba shi kujerar Makka. A hanya ya tsaya ya sayi lemo guda biyu da ɗan abin da ya rage masa, ya ce yau sai mun sha ruwa da abu mai zaƙi.

Washegari gari ya tashi da wani irin nauyi, ba rana ba ruwa, iska ta tsaya cik. Mutanen Maraɗin suka zo, masu fara'a, suna ta cakuɗa Hausa da Faransanci. Na ja Malam Isiyaku gefe na ce mu bi ta babban titi ko da za mu yi zagaye. Ya ce ya riga ya duba, ƙarƙashin gada har yanzu ruwa ne, ba hanya sai lungun. Na ce to Allah ya sa kada mu haɗu da kowa. Ya ce amin.

Mun ci rabin lungun lafiya. Matar mai jan ƙyalle tana wurinta, har ta ɗan gyaɗa mana kai ganin mun riƙe layi. Sai na hango farar hula da lema suna tahowa daga ɗaya bakin. Alhaji ne. Na so in yi wa Malam Isiyaku kira, amma me zan ce masa? Ya sani, ni ma na sani, in ya wuce ba sauran baƙi har abada, in ya sauka ba sauran kekuna.

Ya sauka. Ƙafa biyu ya dire, ya riƙe keken da hannu ɗaya, ya rusuna har gwiwarsa ta taɓa jiƙaƙƙiyar kwalta. Mutanen Maraɗi, da yake su ma 'yan gida ne, duk suka dira. Nan take hon da ƙararrawa suka kaure a bayana. Alhaji Bawa kuwa waya ce a kunnensa, yana faɗa da wani a kan kwantenar da ba ta tashi ba. Ya ɗaga hannun da ke riƙe da carbi, ya gyaɗa kai, ya raɓa ta gefen kekunan ya wuce yana ci gaba da maganarsa. Ban tabbata ma ya gane wanda ya durƙusa masa ba.

Matar ta miƙe daga kujerarta. Ba ta yi ihu ba, waya kawai ta ciro. Aka tura mu fili muka jira. Motar ɗaukar kaya ta zo da jami'in nan na rannan. Ya dubi Malam Isiyaku ya buɗe hannuwa, alamar ai na faɗa maka. Ma'aikatan suka fara jefa kekunan a bayan mota, sai Malam Isiyaku ya ce su dakata. Shi da kansa ya riƙa ɗaukar su yana miƙawa, yana jera su yadda ba za su karce juna ba. Ni na tsaya riƙe da famfo, na rasa abin da zan yi da shi. Da motar ta tafi ya juya wurin baƙin, ya ba su haƙuri, ya ce kasuwar ba nisa. A ƙafa ya kai su, ya bi da su shago-shago har la'asar, ruwa na dukanmu, bai tsallake ko lawban ɗaya ba.

Mun bi sawu daga baya. Aka ce ana sakin kekunan haya ne ga kamfanin da ya mallake su, mu kawo shaidar kamfani. Muka tsaya a bakin shingen wayar filin da ake tara kekunan da aka kama, tsibi-tsibi a cikin ruwan sama, ya yi ta leƙe ko zai gane nasa. Bai gane ko ɗaya ba.

Yanzu lungun nan an kafa masa turaku a baki, keke ma ba ya shiga. Baƙinmu kowa da taswira a wayarsa, ya kira mota ta zo har ƙofa, wasu ma ba sa zuwa, daga Kantin Kwari suke zaɓen kaya ta bidiyo. Masu zagayawa da mutane a keke sun zama kamfanoni, da izininsu da wurin tsayawarsu, kuma ban ji an ce sun ture kowa ba. Samarinmu na yanzu in sun gan ni a hanya daga kan babur mai batir suke ɗaga mini hannu, ni ma in ɗaga musu.

Ranar Salla bayan an idar, mutane suka yi layi suna gaida Alhaji Bawa, yana tsaye cikin farar shadda. Na ce mu wuce, Malam Isiyaku ya ce a'a. Da layi ya zo kanmu ya durƙusa kamar kullum. Alhaji ya dafa kafaɗarsa, fuskarsa a sake.

“Isiyaku, mutanen Maraɗi sun yaba ƙwarai. Akwai babban ayari daga Kano nan da 'yan kwanaki, bas ba za ta ɗauke su ba. Ka shirya kekunanka.”

Ashe babu wanda ya gaya masa. Na buɗe baki, Malam Isiyaku ya damƙe wuyan hannuna har sai da na ji zafi.

“To, Alhaji,” ya ce. “Allah ya kawo su lafiya.”

Kafin su iso takardarsa ta ƙare. 'Yan'uwansa mutanen Zango suka haɗa masa tikiti. Na raka shi filin jirgi da jaka ɗaya, a cikinta akwai takalmin yarinya da wani lawban ya ba shi kyauta da ya ji zai tafi. Ya je yi wa Alhaji bankwana a ranar, ya tarar ya tafi wani gari duba kaya. Mun yi waya a shekarun farko, yana cewa komai da cau, ni kuma ina jin hayaniyar tasha a bayansa. Daga baya lambar ta daina shiga, kuma duk ɗan Kumasin da na tambaya sai ya ce ya daɗe bai gan shi ba.

Da ayarin Kano ya sauka, Alhaji ya aiko a kira Isiyaku, sai ni na je. Na same shi a falo cikin baƙinsa, ana shan shayi. Na gaishe shi, na ce Malam Isiyaku ya koma gida, kuma ba zai dawo ba.

Ya ajiye kofinsa, ya dubi baƙin, ya girgiza kai.

“Kun ji halin mutumin nan ko,” ya ce. “Ya tafi ko sallama bai yi mini ba.”